Amsoshin Tambayoyinku: Wai garin ƙashin saniya za a zuba mini kafin a dasa mini haƙori

TAMBAYA

Ni ɗan kasuwa ne a Parakou, ina sayar da atamfa da shadda a kasuwar Arzeke, amma asalin gidanmu Djougou ne, can uwargidana da manyan 'ya'yana suke. Shekarata 57. Turamena uku na sama a ɓangaren hagu sun fita, yau shekara takwas ke nan. Biyu ciwo ne ya ci su aka cire, ɗayan kuwa girgiɗi ya yi ta yi har ya faɗi da kansa. An yi mini haƙoran roba amma ba na jin daɗinsu, goro ma yanzu sai da magogi nake cin sa kamar tsoho tukuf. Da na je Kotonu sarin kaya sai na shiga wani asibitin haƙori, aka ɗauki hoto. Likitan ya ce ana iya dasa mini na dindindin, sai dai ƙashin wurin ya zaizaye, saura milimita uku, dole a fara yin wani aiki da ya rubuta a takarda da sunan greffe osseuse. Ya ce garin ƙashin saniya za a zuba mini a ƙarƙashin kogon hanci, sannan a jira wata shida ko fiye. Tun daga ranar hankalina bai kwanta ba. Yaya za a yi ƙashin dabba ya zama nawa? Ba mushe za a sa mini a jiki in riƙa salla da shi ba? Babu wani abin da ake sawa sai shi? Kuma don Allah ku faɗa mini gaskiya, ba hanyar ƙarin kuɗi ba ce kawai?

Daga wani mai karatu, unguwar Zongo, Parakou

AMSA

Alhaji, Allah ya ƙara lafiya, ya sa wa kasuwa albarka. Zan fara da tambayarka ta ƙarshe, don na lura ita ce ta fi ci maka rai. Idan har hoton ya nuna milimita uku ne suka rage, to likitan bai yi maka wayo ba. Aikin da ya ambata sananne ne, an fi shekara arba'in ana yin sa, kuma a irin yanayinka shi ne abin da yawancin masu dashen haƙori za su faɗa. Ko kai ɗin kana bukatarsa, wannan wata magana ce daban, za mu zo kanta.

Ɗora yatsarka a kunci, gefen hanci, ƙasa da ido kaɗan. Ƙashin da ka taɓa ba cushe yake ba. Ɗaki ne a cikinsa cike da iska, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kuma a jikin babban mutum kowanne zai ci ruwa kamar cokalin shayi uku. Shi ne wurin da ke yi maka nauyi idan mura ta kama ka da hunturu, ka sunkuya ruku'u ka ji kamar fuskarka za ta zazzago. Likitocinku na nan suna kiransa sinus maxillaire, mu kuma bari mu ce masa kogon kunci. Wani likitan Ingila, Nathaniel Highmore, ya yi bayaninsa tun a 1651. Ƙofarsa ƙarama ce, tana buɗewa cikin hanci, kuma can sama take kusa da rufi, ba a ƙasa ba. Daɓen ɗakin kuwa a kan saiwoyin turamenka na sama yake zaune. Wasu mutanen ma saiwoyin har ɗan turo daɓen suke yi.

Ƙashin da ke riƙe da haƙori ma'aikaci ne, tauna ce ke ciyar da shi. Ranar da haƙori ya fita, jiki ya ga ba aikin da ya rage wa wurin, sai ya fara kwashe kayansa. Wani bincike da aka yi a Denmak, aka buga a 2003, ya nuna cewa faɗin ƙashin yakan ragu da kusan rabi cikin shekara ɗaya bayan cire haƙori, kuma mafi yawan raguwar a wata ukun farko take faruwa. A muƙamuƙin sama ta baya abin ya zo da ƙari, domin ta gefe biyu ake cin wurin: ta ƙasa dasashi yana lotsawa, ta sama kogon yana ƙara faɗi yana saukowa inda saiwoyi suka bari. Shekara takwas ana wannan, ba abin mamaki ba ne a wayi gari tsakanin bakinka da kogon saura ɗan ɓawo.

Haƙorin dashe kuwa ba irin haƙorin Makka ba ne da ake rufa wa wanda yake tsaye. Ƙusa ce mai murɗi ta ƙarfen titaniyam, ana murɗa ta cikin ƙashi ta zama saiwa, daga baya a ɗaura mata kan haƙori. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, shi ya lura tun cikin shekarun 1950 cewa ƙashi yana manne wa wannan ƙarfe har a kasa raba su, kuma a 1965 ya dasa wa mutum na farko a birnin Gothenburg. Wadda aka saba amfani da ita tsawonta milimita 8 zuwa 13 ne, kaurinta wajen milimita 4. To ka ga turken da ke neman zurfin milimita goma ba zai kafu a ƙasa mai zurfin uku ba. Ko dai ya yi ta rawa, ko ya ɓula daɓen ya leƙa cikin kogon.

Dabarar da aka samo ita ce a ɗaga daɓen. Wani likitan haƙori ɗan Amurka, Hilt Tatum, ya fara ta cikin shekarun 1970, sannan Philip Boyne da Robert James suka buga bayaninta a 1980. Ana yi maka allurar kashe zafi, a buɗe dasashi ta cikin baki, a yanka 'yar taga a bangon kogon ta gefen kunci. Bayan tagar akwai tantani da ya shafe cikin kogon duka, siriri kamar wanda ke cikin ɓawon ƙwai. Duk gwanintar aikin a nan take: a sulluɓe tantanin nan daga daɓe, a tura shi sama ba tare da ya yage ba. Sararin da aka samu a ƙarƙashinsa shi ake cikawa da garin, galibi bai wuce cikin cokalin shayi ɗaya ba, a rufe tagar, a ɗinke. Saboda haka garin ba cikin kogon yake ba, kuma ba ya haɗuwa da numfashinka. Tantanin ya raba su. Akwai wata hanyar mai sauƙi da Robert Summers ya bayyana a 1994, wadda ake tura daɓen ta ramin da za a sa ƙusar, ba taga ba komai, amma an fi yin ta ga wanda ke da sauran milimita biyar ko fiye. Mai uku irinka taga ake yi masa, kuma sau da yawa sai an jira wata shida zuwa tara kafin a sa ƙusar, sannan a sake jiran wasu watanni kafin a ɗaura kan haƙorin. Ka lissafa shekara guda, ko kusa da ita.

Yanzu ga babbar tambayarka, yaya ƙashin saniya zai zama naka. Amsar ita ce ba zai zama ba, kuma ba wanda ya nemi ya zama.

Ka san aikin mai ɗori. Yaro ya faɗo daga mangwaro ya karye, mai ɗori ya ja, ya daidaita, ya jera kara ya ɗaure. Ba shi ya haɗa ƙashin ba, kuma karan bai zama ƙashi ba. Jikin yaron ne ya yi aikin, kara dai ya tsare wurin kada ya motsa. Garin nan ma haka yake. Aikinsa na farko ya tokare tantanin, domin duk numfashin da ka ja iska na danna shi yana neman komawa inda aka tashe shi. Aikinsa na biyu ya zama matakala. Ƙwayoyinsa ƙanana ne, daga rubu'in milimita zuwa milimita biyu, kowace cike da ƙofofi. Jini ya cika tsakaninsu, ƙananan jijiyoyin jini su kutso daga bangayen kogon, ƙwayoyin jikinka masu gina ƙashi su biyo baya su riƙa shafe kowace ƙwaya da sabon ƙashi, kamar yadda yabanyar doya ke bin sandar da manomin Borgu ya kafa mata. Abin da za a samu bayan watanni naka ne, mai rai, da jininka a ciki, sai dai da ƙwayoyin garin a warwatse kamar tsakuwa a cikin kankare.

Hujjar da ta fi burge ni a kan haka daga Suwidin ta fito. A 2004 Stefan Lundgren da abokan aikinsa suka nuna cewa idan aka ɗaga tantanin, aka sa ƙusa ta tokare shi kamar dirkar rumfa, ba a zuba komai ba, gudan jini kaɗai da ya cika wurin yakan rikiɗe ya zama ƙashi. Ba kowa wannan ke yi wa ba, sai an sami ƙashin da zai riƙe ƙusar tun ranar farko. Amma ya nuna wane ne maginin.

Abin da ake zubawa iri huɗu ne, kuma gaskiyarka da ka tambaya, ba na saniya kaɗai ba ne.

Akwai naka na kanka. Ana kankaro shi daga haɓa, ko daga ƙuryar muƙamuƙin ƙasa, in kuma da yawa ake so daga ƙashin ƙugu. Shi kaɗai ne yake zuwa da ƙwayoyin gini masu rai, shi ya sa ya fi saurin kamawa, kuma da shi Boyne da James suka fara. Ba shakkar cuta, ba shakkar halal. Amma rauni biyu za ka yi jinya maimakon ɗaya. Na ƙugu sai an sa ka barci an kwantar da kai, ka yi kwanaki kana ɗingishi. Na haɓa wani lokaci yakan bar mutuwar leɓe ko ta haƙoran gaba. Ga shi kuma jiki yana saurin cinye shi, tsayin da aka gina ya ragu. Don haka yau ba a cika ɗebo shi da yawa saboda wannan aikin ba, sai dai a kankari ɗan kaɗan a kusa da tagar a gauraya da wani garin.

Akwai na wani mutum da ya rasu ya bar izini, wanda ma'ajiyar sassan jiki ke tantancewa, ta wanke, ta busar, ta kashe masa ƙwayoyin cuta. A Amurka ya fi yawa. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta amfani da sassan mamaci bisa sharuɗɗa, ciki har da izininsa ko na magadansa. Duk da haka na san mutanenmu, da wuya ran mutum ya so.

Sai na dabba, wanda aka ambata maka. Kada ka ɗauka ƙashin da mahauci ya yar a mayanka ne aka daka. Ƙashi kashi biyu ne: kusan biyu bisa uku ma'adini ne na alli da fosfet, sauran kuma furotin da ruwa, ga kitse da ɓargo a cikinsa. A masana'anta ana cire duk abin da ba ma'adini ba da sinadarai da wuta, wasu kamfanonin a zafin kusan digiri 300, wasu har sama da digiri 1,200. Abin da ya saura farin gari ne, ba ƙwayar halitta ko ɗaya, sai siffar ƙofofinsa da ta yi kama da ta ƙashin mutum, wadda ita ake nema. Shi ya sa jiki ba ya ƙin sa yadda yake ƙin ƙodar wani, kuma ba a shan maganin danne garkuwar jiki saboda shi. Mafi shahara shi ne Bio-Oss na kamfanin Geistlich da ke Suwizalan, wanda aka fi kowanne yin bincike a kansa. Da ciwon haukan shanu ya ɓarke a Ingila cikin shekarun 1980 an yi fargaba, shi ya sa manyan kamfanoni ke ɗebo ƙashin daga ƙasashe irin su Ostireliya, inda cutar ba ta yaɗu ba. Halinsa shi ne jinkirin narkewa. An ɗebi samfuri a bakin mutane bayan shekara goma da wani abu aka tarar da ƙwayoyinsa na nan, ƙashi ya lulluɓe su. A wurin likita wannan alheri ne, domin tsayin ba ya komawa. A wurinka kuwa yana nufin ka sani cewa da shi za ka zauna.

Na huɗu shi ne na haɗin masana'anta, ba dabba ba mutum. Alli da fosfet ne ake haɗawa a ɗakin gwaji. Wani nau'insa, wanda za ka ga an rubuta β-TCP a kwalinsa, yana narkewa da sauri ya bar wa ƙashinka wuri, sai dai tsayin kan ɗan ragu. Wani nau'in, haidiroksi-afatait, yana daɗewa kamar na saniya. Da yawa ana gauraya su, kashi 60 na mai daɗewa da 40 na mai narkewa. Manyan bita da aka yi na bincike-bincike sun nuna cewa a wannan aikin na kogon kunci, ƙusoshin da aka kafa a cikin gari na saniya ko na haɗi suna daɗewa kamar waɗanda aka kafa a ƙashin mutum na kansa, fiye da tara cikin goma suna nan bayan shekaru. Dalili kuwa kogon wuri ne mai albarka, bangayen ƙashi sun kewaye garin ta kowane gefe suna ba shi jini.

Batun salla. Ni ba malami ba ne, amma zan ba ka abin da za ka kai wa malaminku, don fatawa gwargwadon bayanin da aka kawo take fita. Mas'alar ba sabuwa ba ce. A mazhabarmu ta Malikiyya ƙashin mushe najasa ne, a ta Hanafiyya kuwa mai tsarki ne. Imam Nawawi, malamin Shafi'iyya da ya rasu a 1277, ya yi magana a kan wanda aka ɗora masa karaya da ƙashi mai najasa don ba a sami mai tsarki ba, ya ce yana da uzuri. Malaman zamani sun ƙara da batun rikiɗa, wato abu ya sauya ya bar asalinsa, kuma wani taron malamai da likitoci da aka yi a Kuwait a 1995 ya karkata ga cewa rikiɗa tana tsarkakewa, ko da yake ba duka malamai suka bi wannan ba. Ka gaya wa malam abu uku: ba a tabbatar maka an yi wa saniyar yankan Musulunci ba, an ƙone komai sai ma'adini, kuma akwai madadi.

Amma Alhaji, a ganina ka tsare ƙofar gaba ka bar ta baya a buɗe. Bayan an zuba garin, yawancin likitoci suna rufe tagar da wani ɗan faifai mai laushi da ke narkewa da kansa, wanda za ka gani a takardar kuɗi da sunan membrane. Da furotin na dabba ake yin sa, ba a ƙone shi ba, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka fi yawo a kasuwa daga alade ake samo su. Bio-Gide, abokin tafiyar Bio-Oss, na alade ne, kamfanin ma bai ɓoye ba. Likitan da ba Musulmi ba yana iya mantawa ya faɗa, ba da mugun nufi ba, don a wurinsa kayan aiki ne kamar zaren ɗinki. Akwai na saniya, akwai na haɗin masana'anta. Akwai kuma wanda ake yi da jininka: a ɗiba a hannu, a juya a inji na 'yan mintoci, a sami wani dunƙule rawaya a matse shi ya zama faifai. Wani likitan Faransa, Joseph Choukroun, ya fito da wannan a farkon shekarun 2000, ana kiransa PRF. Ka yi tambayar tun kafin ranar aiki, domin kayan nan odarsu ake yi daga waje, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Da ni ne a matsayinka, kuma zuciyata ba ta natsu da na saniya ba, da na nemi na haɗin masana'anta mai gauraye, a ƙara masa ɗan kankaren ƙashina, a rufe da faifan da ba na alade ba. Ba abin da zan rasa mai yawa. Abin da ba zan yi ba shi ne in tilasta wa likita kayan da hannunsa bai saba da su ba. In bai iya da su ba gara in nemi wanda ya iya. Domin a gaskiya sunan garin shi ne mafi ƙanƙantar abin da zai sa aikin ya yi kyau ko ya ɓaci.

Ga abin da ya fi shi. A wasiƙarka ka ce haƙori ɗaya girgiɗi ya yi har ya faɗi. Lafiyayyen haƙori ba ya haka. Alama ce ta ciwon dasashi mai cin ƙashi a ɓoye, ba zafi, sai jini a jikin aswaki da warin baki. Ƙwayoyin cutar da suka kayar da shi za su iya kayar da na ƙarfen ma, saboda haka sai an duba sauran haƙoranka an kankare an warkar kafin a taɓa kogo. Ciwon nan kuma abokin tafiyar ciwon suga ne. Mai shekara 57 ya kamata ya auna, ba awon yatsa na safe kaɗai ba, har wanda ke nuna yadda sugan ya kasance a wata ukun da suka wuce, HbA1c. Wannan ba sai ka je Kotonu ba, ka fara tambaya a babban asibitin koyarwa na Borgou-Alibori da ke nan Parakou, ko a asibitin Ordre de Malte idan kana Djougou. A asibitin koyarwar akwai sashen kunne da hanci da maƙogwaro. In kana yawan toshewar hanci gefe ɗaya, ko majina mai wari, ko ciwon kunci, su za su fara ganinka, domin ba a gini a kogon da ƙofarsa ta toshe. Idan kana shan sigari ko shisha, ko kana sa taba a leɓe, ka san tana ƙara yiwuwar lalacewar aikin sosai, a daina makonni kafin a yi da kuma bayan an yi. Ka faɗa wa likita in kana da sikila, ko kana shan maganin tsinka jini, ko an taɓa ba ka maganin ƙarfafa ƙashi irin su alendronate da zoledronate, ko an taɓa gasa maka fuska da hasken maganin daji.

Hoton ma ka tambaya wane iri ne. Wanda ke nuna duk haƙora a shafi ɗaya, panoramique, yana ba da kimantawa ne kawai. Kafin a yanka taga ana son mai nuna kauri da zurfi, CBCT ko sikana, don a ga ko akwai ɗan bango a tsakiyar kogon, da inda jijiyar jini ta bi, da lafiyar tantanin. Yagewar tantani ita ce matsalar da ta fi faruwa, wajen aiki ɗaya cikin huɗu ko biyar. Ƙarama ana toshe ta nan take a ci gaba. Babba kuwa likita mai hankali rufewa yake yi ya ce a dawo bayan watanni, kuma in ya yi maka haka kada ka ga gazawarsa.

Bayan aiki, sati biyun farko, ba a fyace majina, ba a zuƙar abu da tsinke, atishawa kuma baki a buɗe ake yin ta. A nan alwala ke shigowa, abin da takardun Turawa ba za su gaya maka ba. Shaƙa ruwa da fyacewa, da kurkurar baki, sunnoni ne a Malikiyya, ba farillai ba, alwala tana inganta ba su. Ka shafi bakin hanci kawai har likita ya sallame ka. Ka zaɓi lokaci. Tsakiyar hunturu, da ƙurarsa da murarsa, ba shi ne mafi dacewa ba. Watan azumi ma zai rikita maka lokutan shan magani. In kana da niyyar Umara ko Hajji ka faɗa, don ana son a ɗan jinkirta hawa jirgi. Kumburi na kwana uku, da ɗan jini ta hanci, da 'yan ƙwayoyi kamar yashi a baki ba abin tsoro ba ne. Kumburin da ke ƙaruwa bayan kwana uku, zazzaɓi, mugunya ko wari ta hanci, ko ruwan da ka sha ya fito ta hanci, waɗannan ba a kwana da su.

Shi ya sa nisa ke damuna. Tsakanin Parakou da Kotonu ya haura kilomita 400, daga Djougou zuwa Parakou ma akwai wajen 130. Kakanninku fatake da suka mayar da Zugu, wato Djougou, zango a hanyar Gwanja sun san goro ba ya son a bar shi ba dubawa, sai ana buɗe huhu ana yayyafa ruwa ana tsince ruɓaɓɓe. Wannan aikin haka yake. Ba na zuwa ɗaya ba ne da za ka haɗa da sarin kaya ka hau mota washegari. Ka shirya zama a Kotonu har a cire zare, kwana bakwai zuwa goma ko sha huɗu, ka kuma san tun yanzu likitan haƙorin da zai duba ka a gida in wani abu ya taso, da lambar da za su yi magana da wanda ya yi aikin.

Na yi alkawarin komawa kan ko kana bukatarsa. Turame uku ka rasa, kuma in har na can ƙurya, wanda ke fitowa bayan mutum ya girma, yana cikinsu, shi ba a mayar da shi. Sau da yawa ƙusa ɗaya a gurbin turmin farko ta wadatar, biyu in an so ƙari. Ka duba takardar kuɗin ka ga nawa aka rubuta. Akwai gajerun ƙusoshi masu milimita 6, waɗanda binciken da Daniel Thoma na Jami'ar Zurich da abokansa suka yi ya nuna suna daɗewa kamar dogayen da aka yi wa ɗagin kogo, da ƙarancin kuɗi da wahala. Amma mutanen da aka gwada suna da sauran milimita 5 zuwa 7, kai kuwa uku gare ka. Akwai kuma barin wurin haka nan. Wani likitan Holan, Arnd Käyser, ya nuna tun a 1981 cewa mai haƙoran gaba da ƙananan matauna lafiyayyu yana iya ci yadda ya kamata ba tare da turamen baya ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki haƙora 20 masu aiki a matsayin abin da ake fata mutum ya tsufa da su. In ɓangarenka na dama lafiya yake, to dashen jin daɗi ne, ba tilas ba. Haƙoran robarka ma shekara takwas sun ishe su su daina zama daidai, tunda dasashin da aka auna su a kai ya lotsa. Wani lokaci sake su, ko yin masu firam na ƙarfe, ya kashe maganar. A duba turamenka na ƙasa na wannan gefen kuma, don haƙorin da ya rasa abokin karo yakan yi ta tsawo har ya cike wurin da za a sa sabon.

In ka auna duka ka ga za ka yi, to ka roƙi abu ɗaya a ƙarshen kowane zama. Kwalin garin, da na faifan, da na ƙusar, kowanne yana zuwa da 'yar takarda mai manne, ɗauke da sunan kamfani da girma da lambar rukuni. Ka sa a manna maka su a kati, ka ajiye tare da hotunanka inda kake ajiye takardun rumfa. Kamfanonin ƙusar nan suna da yawa, kowanne da irin makullinsa. Ranar da kan haƙorin ya kwance bayan shekara biyar kana Djougou, likitan da zai ɗaure maka shi abin da zai fara tambaya ke nan.